Saukar Inna a Ɗa'ifa Maimakon Jidda: Sauƙi ne ko Ƙarin Wahala?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Ina zaune a Makka wajen Shara Mansur, ni da maigidana. Muna so mu kawo mahaifiyata Umra daga Kano cikin watan Rajab, lokacin sanyi. Ta haura shekara 70, gwiwa na damun ta, ba ta jin Larabci ko Turanci. Ɗana ya duba a waya ya ga tikitin da ke sauka a Ɗa'ifa ya fi na Jidda sauƙi da kusan riyal 400. Ni ban ma san akwai filin jirgi a Ɗa'ifa ba sai yanzu. Wane irin fili ne, ta yaya ake zuwa Makka daga can, a ina za ta yi harama? In saya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya kawo ta ɗakinsa cikin sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan ɗawainiya.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sana'ar yankan tikiti da jigilar baƙin Allah tsakanin Jidda da Makka da Ɗa'ifa, kuma irin tambayar nan taki sai 'yan shekarun nan ta fara yawa. Da can in an ce Umra, ko Jidda ko Madina, magana ta ƙare. Ɗa'ifa ta dace da tsohuwa irin Inna, sau da yawa ma nakan fifita ta a kan Jidda, amma ba don riyal 400 ɗin da yaron ya gani ba. Kuɗin nan, in ba a yi hattara ba, kafin Inna ta hango dogon agogon Harami kuɗin kaya da na mota sun lashe shi har sun nemi ƙari. Abin da Ɗa'ifa ta fi Jidda da shi shi ne ƙanƙantar filin, da kuma miƙati da mutum zai tarar a ƙasa, a kan hanyarsa, da ƙafarsa.

Ba laifinki ba ne da ba ki san filin ba, don ba cikin gari yake ba. Yana Hawiyya, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Ɗa'ifa, ta wajen hanyar da ta miƙe zuwa Riyad. Amma wurin tsohon hannu ne a tarihin jirgin sama na ƙasar nan. A watan Fabrairun 1945 Sarki Abdul'aziz ya gana da shugaban Amurka Roosevelt a cikin wani jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suwes, bayan ganawar Roosevelt ya aiko masa da kyautar jirgin sama ƙirar DC-3, wanda Larabawa ke ce wa Dakota. Da jirgin nan ƙwaya ɗaya kamfanin Saudia ya fara. A shekarar ce kuma Sarkin ya fara hawa jirgin sama, ya tashi daga Afif ya sauka a Hawiyyar nan. Filin fasinjan da ake amfani da shi yanzu a 1976 aka buɗe shi, kin ga ke nan ya girmi filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda sai 1981 aka buɗe, bayan an tashi daga tsohon filin Kandara da iyayenmu suka riƙa sauka a ciki.

Abin da ya sa gari mai matsakaicin girma ya samu fili tun da wuri haka, sanyinsa ne. Ɗa'ifa a kan tsaunuka take, shekara da shekaru in zafi ya kankama sarki da ministocinsa sai su tattara su hau can, gwamnati ta zauna har iska ta sassauta. Sarki Abdul'aziz a Ɗa'ifa ya rasu a 1953. A can aka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Labanan a 1989, can kuma gwamnatin Kuwait ta zauna bayan Saddam ya mamaye ƙasarsu a 1990. Filin manya ne da sojoji kafin ya zama na talakawa irina da ke. Har gobe titin saukar jiragen a haɗe yake da sansanin sojan sama na Sarki Fahad, saboda haka ki ja kunnen yaran da za su je tarya, kada wani ya ga jirgin yaƙi ya ɗaga waya zai ɗauka. Na ga wanda ya yini yana amsa tambayoyi a kan hoto guda.

Filin yana kan tudu kusan mita 1,500 sama da matakin teku. Iskar sama ba ta da kauri kamar ta Jidda, jirgi yana buƙatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, shi ya sa titunan saukarsa biyu kowanne ya haura kilomita uku. Babban jirgi yana sauka lafiya lau. Abin da ke ƙarami ginin fasinja ne.

Zamanin jiragen araha kuwa daga 2007 ya soma a ƙasar nan, lokacin da kamfanoni biyu, Nas da Sama, suka fara gogayya da Saudia. Sama bai kai labari ba, ya tsaya a 2010. Nas ya canza suna zuwa flynas a 2013, shi ne wanda alhazanmu na Nijeriya suka sani da jigilar aikin Hajji. Saudia ma da ta ga kasuwa na neman suɓuce mata sai ta haifi nata, flyadeal, ya fara tashi ranar 23 ga Satumba 2017. Daga ƙasashen Gulf kuma ga Air Arabia daga Sharja, ga flydubai daga Dubai, ga kamfanonin Masar daga Alƙahira. Irin waɗannan kamfanoni suna son ƙaramin fili saboda lissafinsu a kan lokaci yake. Jirginsu, yawanci Airbus A320 ko Boeing 737 mai kujeru 180 ko kusa da haka, ba ya kawo kuɗi sai yana sama. A Jidda zai jira layi ya sauka, ya yi tafiya mai nisa a ƙasa, ya jira layi ya tashi. A Ɗa'ifa ya sauke ya ɗauka ya juya cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai kuma a 2022 Ma'aikatar Hajji da Umra ta ce mai bizar Umra yana iya shigowa ya fita ta kowane filin ƙasa da ƙasa, ba dole sai Jidda ko Madina ba, kuma a 2023 aka sa Ɗa'ifa cikin filaye shida da ke karɓar alhazai, tare da Jidda, Madina, Riyad, Dammam da Yanbu. Daga nan ne sunanta ya fara fitowa a wayar yara in sun nemi tikiti.

To, yanzu mu zo kan tikitin da ɗanki ya gani, don a nan ne mutane ke faɗawa rami. Babu jirgin haya da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Ɗa'ifa. Dole Inna ta yada zango a wani gari, Doha ko Alƙahira ko makamancinsu. Abin da za ki tambayi yaron kafin komai: tikitin nan ɗaya ne daga Kano har Ɗa'ifa, ko biyu ne shafin intanet ya liƙa su ya nuna masa jimla? Yadda za ku gane, tikiti ɗaya lambar ajiyar kujerarsa ɗaya ce, haruffa da lambobi shida. In ya ga lamba biyu, kamfani biyu da ba su san da zaman juna ba, to ku janye hannu. Da tikiti ɗaya, a Kano za a auna kayanta a sa musu alamar TIF, wato ta filin Ɗa'ifa, ba za ta sake ganin su ba sai Ɗa'ifa, kuma in jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne ya sa ta a na gaba, ya ba ta abinci da masauki in ta kama. Da tikiti biyu, ita za ta fita ta ɗauki akwatinta a ƙasar da ba ta da bizar shiga, ta sake awo, in ta makara kuma kuɗin tikiti na biyu ya tafi. Qatar Airways, alal misali, yana zuwa Kano tun 2022 kuma yana zuwa Ɗa'ifa, don haka a wurinsa ana iya samun tafiyar a tikiti ɗaya ta Doha, sai dai ba kullum yake da jirgi a ɓangarorin biyu ba, a duba tsawon jiran da ke tsakani. Jiran awa uku zuwa biyar daidai ne ga tsohuwa. Na awa goma sha huɗu azaba ce ko da kyauta aka ba ku.

Shekarun baya wani bawan Allah a unguwar Jarwal ta Makka ya ƙi jin shawarata, ya haɗa wa gyatumarsa tikiti biyu da kansa don ya rage riyal ɗari biyu da wani abu. Jirgin farko ya yi jinkirin awa uku, na biyu ya tashi ya bar ta. Ta kwana biyu kan kujera a filin wata ƙasa, ba waya mai aiki, ba wanda ke jin Hausa, sai wata mai shara 'yar Gana ce ta ara mata waya ta kira shi. Sabon tikitin da ya saya ranar ya ninka abin da ya so ragewa sau huɗu. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai kaya. Jirgin araha farashin da yake fara nunawa na kujera ce tsura da jakar hannu mai kilo 7. Akwatin da za a sa a ƙasan jirgi kuɗinsa daban, zaɓen kujera daban, abinci da ruwa daban, canza rana daban. Ke kin san Inna ba za ta zo hannu rabbana ba. Akwai kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji da kilishin jikoki, komawa kuma ga dabino da darduma da jallabiyoyi da tsarabar dangi kaf. Kilon da aka saya tun a waya yana da sauƙi, wanda aka biya a gaban ma'auni kuwa tsadarsa sai ta sa mutum zufa. Saboda haka ku sa tikitin Jidda da na Ɗa'ifa gefe da gefe da kilo iri ɗaya, zuwa da komawa, sannan ku ga ko 400 ɗin tana nan. A kan goro kuma, ki ce ta bar shi a gida, kada a tsayar da ita a kwastan a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Maganin gwiwarta ya zo cikin kwalinsa da takardar likita, kuma kada ta karɓi saƙon kowa a filin Kano, ko na wane ne. Kin san abin da saƙo ya jawo wa mutanenmu a ƙasar nan.

Shi filin kansa ba shi da wani abin kallo, kuma wannan ne alherinsa. Gini ne guda, ɓangaren jiragen cikin gida da na waje, da wurin salla, da na'urar cirar kuɗi, da 'yan wuraren shayi da teburan masu ba da hayar mota. Daga inda jami'an jawazat, wato na shige da fice, za su ɗauki hoton yatsunta su buga mata hatimi zuwa inda kaya ke fitowa zuwa ƙofar da kuke tsaye, taku kaɗan ne. Wanda ya taɓa jiran baƙo a Jidda ya san bambancin. Can akwai sabon zaure na ɗaya, akwai zauren arewa, akwai zauren alhazai mai rufin tantuna, tsakaninsu tafiyar mota ce, kuma sau nawa muna tsaye a wannan baƙonmu yana zaune a wancan. A Ɗa'ifa ƙofar fita ba ta ɓuya. In jirgi ɗaya ne ya sauka, sau da yawa kafin shayinka ya huce ka ga mutuminka. In biyu ko uku suka haɗu a lokacin Ramadan, wurin yakan cushe, kujeru su yi kaɗan, wannan gaskiya ne. Rajab bai kai haka ba.

Abu ɗaya da za ki yi wa gwiwar Inna tanadi: ki sa a ranki da matakala za a sauko daga jirgi a shiga bas, kamar yadda aka saba a ƙananan filaye. Lokacin sayen tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya, a nema mata keken turawa, arabiyya kamar yadda muke cewa a nan. Kuma neman iri-iri ne. Akwai WCHR, na wanda zai iya hawa matakala amma doguwar tafiya ke ba shi wuya. Akwai WCHS, na wanda ba ya iya matakala, shi ake kawo wa motar da ke ɗaga mutum har ƙofar jirgi. Na biyun za a rubuta mata. Amfanin keken bai tsaya ga gwiwa ba. Ma'aikacin da ke tura ta shi zai kai ta ƙofar jirgi na biyu a inda ta yada zango, shi zai wuce da ita layin jawazat. Ga wadda ba ta jin yaren kowa, ɗan rakiya ne kyauta.

Yanzu maganar harama, wadda ita ce ta sa nake son hanyar nan.

Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci miƙatai huɗu: Zul Hulaifa ga mutanen Madina, Juhfa ga mutanen Sham, Ƙarnul Manazil ga mutanen Najad, Yalamlam ga mutanen Yaman, ya ce wuraren nan nasu ne, da kuma duk wanda ya biyo ta kansu ba daga cikin mutanensu ba, in yana nufin Hajji ko Umra. Jidda tana cikin da'irar miƙatan nan. Shi ya sa mai sauka a Jidda, a fatawar mafi yawan malamai, tun a sama zai yi niyya in jirgi ya zo daidai miƙati. Ga namiji wahalar ta tufafi ce, ya shiga ɗan banɗakin jirgi yana kokawa da gwado biyu. Mace kayan jikinta su ne haramarta, ba ta da wannan. Tata matsalar sanarwa ce. Matuƙi zai faɗa da Larabci da Turanci cewa saura minti kaza a kai miƙati, Inna ba ta ji ba, ko barci ya ɗauke ta bayan doguwar tafiya. Ta sauka, ta iso gida, sai da aka ci abinci wani ya ce Inna a ina kika yi niyya, ta ce wace niyya, ai jira nake a ce mini. Daga nan sai neman malami, ko a mayar da ita miƙati ko a yi yanka. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ɗauki tsofaffi daga Makka na fitar da su miƙati don gyara wannan.

Filin Ɗa'ifa kuwa a wajen da'irar yake. Jirgin da ya taso daga Doha ko Dubai ko Sharja ta gabas yake shigowa, ya sauka bai ƙetare miƙati ba. Ƙarnul Manazil, wanda yau ake kira Sailul Kabir, yana gaba, a kan titin da za ku bi zuwa Makka, tafiyar kamar rabin awa daga filin. Babban masallaci ne da banɗakuna da wuraren wanka na maza da na mata, da shaguna a kewaye. Inna za ta sauko daga mota, ki riƙe hannunta, ta yi wanka ko alwala a natse, ta yi nafila, ki zauna kusa da ita ta yi niyya da bakinta, ku kama Labbaika tare. Daga nan zuwa Harami kilomita 75 zuwa 80 ne. Ku ma da kuka je tarya, in kuna da niyyar Umra, nan za ku ɗaura tare da ita, ba sai kun fita Tan'im ba. In kuwa jirgin ta Alƙahira ya biyo, ta yamma ke nan, ki gaya wa malaminku hanyar tun kafin ranar don ya faɗa muku inda za ta yi niyya, hankalin kowa ya kwanta. Wani abin da nakan tuna duk na tsaya a wurin: malamai da yawa sun ce nan ne Ƙarnus Sa'alib, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce hankalinsa ya dawo jikinsa bayan mutanen Ɗa'ifa sun jefe shi, har Mala'ika Jibrilu ya zo masa da mala'ikan duwatsu, Manzon Allah ya ƙi a halaka su. Ki ba Inna labarin a wurin, za ta ji daɗinsa.

Tunda Rajab ɗin cikin sanyi ne, ku riƙo mata rigar sanyi da bargo a mota. Sanyin Hawiyya da dare ba irin na Makka ba ne, yana shiga ƙashi. Maigida ma in zai ɗaura harama ya nemi mai kauri.

Hanya biyu ce daga Ɗa'ifa zuwa Makka, kuma direba zai iya tambayar ku wacce. Ta Sail ita ce wadda na bayyana, daga Hawiyya ta Sailus Sagir, Sailul Kabir, Zaima, ta shigo Makka ta Shara'i. Gangararta a hankali take, manyan motoci ma ita suke bi. Daga filin zuwa Harami kilomita ɗari da 'yan kai ne, awa ɗaya da rabi in ba a tsaya ba, ku ƙara abin da za ku ɓata a miƙati. Ɗayar ita ce ta Hada, wadda Sarki Faisal ya buɗe a 1965, titin da aka sassaƙa a jikin dutse yana nannaɗewa kamar maciji har ya sauka Kar, ya bi ta gefen Arafat ya shigo ta Awali. Miƙatinta Wadi Muhrim, wanda yake saman kwarin Ƙarnul Manazil ɗin dai. Kyakkyawar hanya ce, ga birai a bakin titi, ga motar igiya tana shawagi a sama. Amma daga filin jirgi sai an koma cikin garin Ɗa'ifa an ratsa shi kafin a kama ta, da sanyi hazo yakan rufe ta, ana kuma rufe ta in an yi ruwa mai ƙarfi ko ana gyara. Tsohuwar da ta kwana a jirgi, ga kwana-kwana, ga kunne na toshewa saboda gangara, amai za ta yi ta yi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle ma ta Sail ce ta fi kusa daga filin. Hada ku bar ta sai ranar da kuka fito da ita ziyara, ta ga masallacin Ibn Abbas, ta sayi ruman da turaren wardi.

Mota ita ce raunin Ɗa'ifa, ba zan ɓoye miki ba. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, yana da tasha a cikin sabon zauren filin Jidda, ya kawo mutum tashar Rusaifa a Makka cikin ƙasa da awa ɗaya, kusa da ku ma. Bai zuwa Ɗa'ifa. A can abin da ke akwai tasi na filin, da motocin manhaja irin Uber da Careem, da hayar mota ga mai lasisi. Tasi zuwa Makka da tsayawa a miƙati kuɗi ne mai kauri, kuma in jirgi ya sauka ƙarfe biyun dare, kamar yadda na araha suka saba, motocin sukan yi ƙaranci, mai ita ya faɗi abin da ya ga dama. In da tasi za ku yi zuwa da dawowa, ki cire wannan daga 400 ɗin ki ga abin da ya rage. In maigida yana da mota, ko akwai ɗan'uwa mai ita, to kuɗin mai ne kawai, lissafi ya koma wajenku. Masu kabu-kabu da ke raɗa wa mutum Makka, Makka a bakin ƙofa, kaddad ɗin nan, ku bar su. Hukumar sufuri tana kama su a filayen jirgi da tara mai nauyi, kuma in aka tsayar da motar a taftish, wato shingen bincike, ku da tsohuwa ne za ku tsaya a titi cikin sanyi. Kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, ita kuma fasfonta da takardar bizarta a hannu, don akwai shingen bincike kafin shiga Makka.

Ba ki faɗi irin bizar ba. In ta ziyarar iyali ce maigida ya nema mata, ku ne masu ita, ku ɗauko ta da kanku, ku yi mata izinin Umra a manhajar Nusuk. In ta Umra ce ta hannun ejan a Kano, to kamfanin da ya fitar da ita shi ke shigar da bayanin isowarta da masaukinta da motarta, saboda haka kada ku yanki tikitin Ɗa'ifa sai kun gaya masa ya amince, don kada takarda ta ce Jidda mutum ya bayyana a Hawiyya. Kuma tunda maganar ta zo, in faɗa don masu karatu: Ɗa'ifa ba ƙofar baya ba ce ta shiga Hajji. Daga farkon Zulƙida ake hana mai bizar ziyara shiga Makka ko zama a cikinta, a 2025 tarar wanda aka kama ba tasrihi, wato izinin Hajji, ta kai riyal 20,000, ta wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi masauki har 100,000. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu cikin zafi, mafi yawansu marasa izini ne da suka yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Inna ta gama Umrarta ta koma kafin lokacin.

Komawa ba dole ta bi inda ta shigo ba. Miƙati ba ya cikin lissafin mai fita, kaya kuma sun ƙaru. In za ku rufe da ziyarar Madina, ku duba tikitin da zai sauka a Ɗa'ifa ya tashi daga Madina, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Ya fi a dawo da ita Makka a sake hawa dutse da akwatuna. Ruwan Zamzam kuma an hana sa shi cikin akwati. Galan ɗaya mai lita 5 a cikin kwalinsa na hukuma ake yarda da shi, kuma ya danganta da irin biza da ƙa'idar kamfanin jirgi, don haka ku tambayi kamfanin tun kafin ranar ko zai karɓa daga filin da za ta tashi.

Za ki ji ana cewa ana gina sabon fili a Ɗa'ifa. Maganar tana nan tun 2017 da Sarki Salman ya ƙaddamar da ayyukan Sabuwar Ɗa'ifa, aikin ya yi ta jan ƙafa, a ƙarshen 2024 aka sake kiran 'yan kasuwa su zuba jari, ana nufin fili mai ɗaukar fasinja miliyan biyu da rabi a shekara zuwa 2030. Wannan na gaba ne. Inna a tsohon na Hawiyya za ta sauka.

In ni ne ke, zan sa yaron ya sake buɗe wayar a gabana. In lamba ɗaya ce, jiran tsakiya bai wuce awa biyar ko shida ba, akwati yana ciki, kuma kuna da motar zuwa tarya, zan saya ko da bambancin ya narke ya koma riyal hamsin, kai ko da ya zo daidai da na Jidda. In ɗaya daga ciki ya ƙi, musamman lambar ko motar, ku saya na Jidda, ku nemi wani mai jin Hausa a jirgin ya tashe ta a miƙati. Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta mata takarda da manyan haruffa, da Larabci da Turanci, sunanta da lambar wayarki da ta maigida da sunan filin da za ta sauka, a sa a leda a rataya mata a wuya tare da fasfo. Ku kuma ku bar Makka awa uku kafin lokacin saukar jirgin, don hawan Sail da daddare akwai manyan motoci.